Sandar Baba Tunau Ta Kurumce

Zuwa ga taubashina Arzika ɗan Kawu Bawa, wanda a da yake Jega yana gyaran gora, yanzu kuma yake Fatakwal yana gadin buhuna.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, tare da fatan ruwan saman can bai jiƙa ka kamar yadda yake jiƙa hajarka ba, ina sanar da kai, ina kuma sanar da duk wanda ya leƙo wannan takarda, cewa ni Ladan ɗan Hajo, cikin hankalina da lafiyata, ba tare da wani ya tilasta mini ba, na yanke hulɗa da albasa. Daga yau ba ni ba ita, ɗanya ko soyayya, a kan tsire ko a cikin miya. Na san nauyin abin da na furta. Na san surukaina na Aliero, garin manoman albasa, za su ɗauke shi a matsayin shelar yaƙi. Maiɗakina ma ta riga ta shaida mini cewa za ta ci gaba da yanka ta a tukunya, kuma ba ta da lokacin tsame wa kowa. An saurari ƙorafinta, an yi watsi da shi, hukunci ya tabbata.

Laifin albasa biyu ne. Na farko, ita ta ɗauke ka daga garin nan. Na biyu, ita ta karya sandar fatsar Baba Tunau.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya, maimakon in shanya maganarmu a bainar jama'a. Na kira, Arzika. Idan na tambaye ka ciwon ƙafarka ko karatun yara, muryarka tana fita tangaram, kamar kana bayan katangar gidanmu. Da zarar na ambaci gora, sai iskar Fatakwal ta taso, ka shiga cewa, “Ba ni jin ka, Ladan, sabis ya tahi.” Amma duk abin da na rubuta a shafina na sada zumunta, ko a kan tsadar tumatir ne, kafin shayina ya huce sai in ga ɗan yatsanka a ƙasa. Ashe a nan kunnenka yake. To, ga ni na zo inda kake ji.

Ga yadda abin ya faru. Wata ranar kasuwa, Baba Tunau, tsohon masuncin nan na unguwar bakin gulbi wanda idonsa ya tafi shekarun baya, ya taso daga ruwa, ya jingina sandarsa a bangon masallacin bakin tasha, ya shiga sallar azahar. Sai wani ɗan kabu-kabu ya taho da buhunan albasa a bayansa, faɗinsu ya kusa cinye hanya. Gefen buhu ya kwashi sandar ya yar, tayar baya ta ƙarasa aiki. An ce mutumin ya tsaya, ya ba da haƙuri, har ya yi tayin sayo wata a kasuwa. Ba mugu ba ne. A ganinsa kara ya taka.

Washegari da hantsi Baba Tunau ya yi sallama a ƙofar gidana. Ka san shi, ba ya yarda a ja shi, hanyoyin Jega suna cikin ƙafarsa. Ya naɗe sandar a tsohon rawani, ya rungumo ta yadda ake ɗauko yaro marar lafiya. Ya zauna, ya kwance rawanin a gabana. Ta rabu biyu, sai ɗan ɓawo siriri da ya riƙe su. Ya ce, “Malam Ladan, kai aɗ ɗan'uwan Arzika, wanda yay yi ta. Ga ta nan.” Ni da ban taɓa gyara ko marfin buta ba, na zauna ina kallon ta, ina gyara zaman hulata.

Da yawa daga masu karanta wannan ba su san ka ba, saboda haka ka yi haƙuri in faɗa maka abin da ka riga ka sani.

Bayan kaka kakan tafi fadamar wajen Andarai da adda. Ka shiga cikin gora kana ƙwanƙwasa kowace da bayan wuƙa, kana kara kunne, kamar mai neman wanda ya ɓoye a ciki. Ka wuni, ka dawo da abin da bai cika hannu ba. Ka kawo su madafar Inna mahaifiyata, ka soke su a jinka daidai saman murhu, su yi rani su yi damina a nan har kunkunniya ta mayar da su baƙaƙe ƙirin. Inna takan ce, “Arzika, wagga madahwa ta ko kurmi?” Kai kuma ka ce, “Gwaggo, hayaƙinki ɗai ka yi musu. Na gidan wasu ɗaci gare shi.” Da wannan daɗin baki ka mallake rufin ɗakin uwata, ni ɗan gida ko rataya ban samu wurin yi ba.

Idan lokacinsu ya yi, ka sauko da ɗaya, ka goge ta da man kaɗe, ka riƙa gitta ta a kan garwashi gaɓa bayan gaɓa, kana miƙe ta a gwiwa, kana rufe ido ɗaya kana duban tsawonta. Sannan ka kankare ta da fasasshiyar kwalba. Na sha tsayawa a kanka ina ba ka labari, ba ka san ina wurin ba.

Sayarwar ce ma ta fi ba ni haushi. Ba ka taɓa ajiye sanda gamammiya tana jiran mai saye ba. Sai mutum ya zo da kansa ya zauna. Ka miƙa masa kara ka ce ya riƙe a miƙe, ka shiga tambayarsa gida da gona, alhali wuyan hannunsa kake kallo, kana jiran inda zai fara rawa. Ka tambaye shi inda yake zama, gaɓa mai tsawo ce ko yashi, da irin kifin da yake nema. Na tuna mutumin Karaye, ƙato mai murya, da ya ce a yi masa doguwa ta kamun giwan ruwa. Ka dube shi ka ce, “Kai ba ka da haƙurin giwa. Ta karhwasa za ni yi ma.” Ya tashi a fusace, ya ce an raina shi. Bayan sati ya dawo ya karɓi ta karfasa, kuma an ce har yau da ita yake. Na sha gaya maka cewa wannan abin da kake yi ba ciniki ba ne, neman aure ne.

Ta Baba Tunau kuwa dabam ce. Lokacin da idonsa ya tafi, asibiti suka ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, ya daina ganin 'yar totuwar da ke yawo a kan ruwa tana nuna cewa kifi ya taɓa. Kowa ya ce su ya ƙare masa. Kai ka bi shi bakin gulbi kwana da kwanaki, ka zauna kusa da shi, hannunsa kawai kake kallo. Sannan ka zaɓi gora guda, ba haɗi ba ƙari. Ba ka naɗa mata fata a mariƙi ba. Inda babban yatsa yake sauka ka kankare har ya kusa zama takarda. Ka sauko da zaren ta jikinta ya bi ta ƙarƙashin manuniya. Tsininta kuwa, ko tari aka yi a kusa sai ya girgiza.

Ina wurin ranar da ya fara jefa ta. Ba a jima ba sai ya ce, “Wagga karhwasa ta, wasa taka yi.” Can kuma ya gyara zama ya ce, “Wagga kau tarwaɗa ta, da gaske ta zaka.” Ya fizga, sai ga ta tana wutsil-wutsil a kan yashi. Na duba in taya ka murna, na tarar ka juya baya kana lalube a ciyawa, wai wuƙarka ta faɗi. Wuƙar tana ƙugunka, na gan ta.

Tun daga ranar, abin da ya kamo masu suya na bakin tasha suke karɓa. Da shi yake sayen goronsa da sabulunsa, ya ba jikoki na alewa, bai miƙa wa 'ya'yansa hannu ba.

Ban manta abin da ya kore ka ba, kada ka zaci zan ɓoye shi don in yi nasara a muhawara. Sandunan waje sun cika kasuwa, masu shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, masu ƙyalli, a saya yau a jefa yau. Mutum ya zo wurinka, ka ce ya dawo bayan wata, ya yi dariya ya wuce rumfar gaba. Duk wannan ka jure. Abin da ba ka jure ba, a Maiyama muka gan shi, muna zaune a teburin mai shayi. Wata babbar mota ta taho da lodin albasa har sama, kwandasta yana tsaye a kan buhuna yana ɗaga wayoyin lantarki da sanda don motar ta wuce. Tun daga nesa ka gane ta da jar fatar mariƙinta. Ita ce wadda wani alhaji ya dame ka sai ka yi masa, ka ɓata mata damina guda. Ka bi ta da kallo har ta ɓace, ka ajiye kofi ka ce, “Ta kai tsawo. Alhamdu lillahi.” Ba a daɗe ba ka hau irin wannan motar. Da na raka ka tasha ina yi maka wa'azi a kan gado da sana'a, abin da ka ce mini kawai shi ne, “Ladan, buhu ba a auna mai hannun kowa.”

Ban ga laifinka ba. Yaranka suna cin abinci, suna zuwa makaranta. Gora ba ta yi musu haka ba.

Yanzu bari in ba ka rahoton matakan da hukumata ta ɗauka.

Da farko na shiga kasuwa na sayo mai ƙyallin nan, na kai masa da alfahari. Ya zare ta, ya shafa, ya sunsuna, ya yi godiya. Ya zauna da ita bakin ruwa tun safe har rana ta take. Da ya dawo ya miƙo mini ita a naɗe, ya ce, “Allah shi saka, Malam. Amma wagga ba ta magana. Awa ka riƙe hannun gawa.”

Sai na ce, ashe abin da ɗan Kawu Bawa ya iya zai gagari ɗan Hajo? Na shiga madafa, na zaro ɗaya daga cikin gorar da ka bari, na hura garwashi, na naɗe hannun riga. Ba zan tsawaita ba. Ta yi ƙara kamar bindiga, kaji suka watse, gashin hannuna ya tafi. Inna ta leƙo ta ce, “Ladan, in ƙone-ƙone kaka so, ga itace nan waje. Bar ma yaro kayanai.” Yaron nan kai ne, mai furfura a gemu.

Daga nan ne tunani mai girma ya zo mini. Duk ƙasar nan, wanda ya karye Aliero ake kai shi. Daga nesa ake zuwa da mutane a kwance, su koma da ƙafarsu. Na ce, in ana ɗora cinyar ƙato, me zai hana a ɗora gora? Muka shiga mota ni da Baba Tunau, yana rungume da rawaninsa. Muka tarar da layi a rumfar wani dattijo mai ɗori: ga wanda ya faɗo daga babur, ga wanda sa ya taka. Aka tambaye mu wa ya karye, ni ko tsoho. Na miƙe na yi bayani. Wani mai karyayyen hannu ya yi dariya har ya koma kuka, don dariyar ta motsa masa ciwo.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya karɓe ta, ya bi karayar da yatsa, ya yi tambayoyin da yake yi wa kowa: yaushe, me ya buge ta, wani ya ja ta bayan nan? Sannan ya ce, “Ni ba ni haɗa ƙashi. Riƙe shi nika yi, shi haɗa kainai, don shina da rai. Wagga an sare ta tun tuni.” Ya ɗaga kai ya dubi fuskar Baba Tunau, ya daɗe yana duba. Sai ya jawo karan ɗori da tsumma da zare, ya daidaita bakin karayar, ya jera, ya ɗaure tam, ya yi addu'a ya tofa. Har ya ce kada a ɗora mata nauyi da wuri, kamar yadda yake gaya wa masu ƙafa. Ya ƙi karɓar komai, ya ce bai taɓa ɗora itace ba, bai san abin da ake biya ba.

Ɗorin ya kama, Arzika. Ina shaida wa duniya cewa mutanen Aliero sun iya aikinsu. Sandar ta miƙe, tana ɗaukar nauyi, ba ta ko motsi a wurin. Baba Tunau ya koma ruwa da murna. Ya jefa, ya jira, ya ɗago, ƙugiya fayau an cinye abin da ke jiki. Ya sake, haka. Kifi yana zuwa ya ci ya tafi, labarin yana tahowa ta zare da tsini, ya iso wurin ɗorin ya tsaya. Da yamma ya ce mini, “Ta warke, Malam. Amma ta kurumce.”

Da ya ga ba ta gaya masa komai, sai ya fara matsawa gaba yana kama zaren da hannu, yana shiga ruwa har gwiwa don ya ji. Ran nan santsi ya kwashe shi. Allah ya sa masu wanki suna kusa. 'Ya'yansa biyu, ɗaya mahauci ɗaya direba, suka zauna suka yanke cewa ba zai ƙara zuwa gulbi ba sai da mai ido a gefensa. Ba zan zarge su ba, yaran kirki ne, kuma kowannensu yana da bakin da yake ciyarwa, ba mai iya barin aiki ya wuni a gaɓa. Suka sayo masa sabuwar tabarma da rediyo. Suka ce, “Baba, ka yi naka. Zamna mu yi ma.”

To, a nan ne aka naɗa ni. Ba wanda ya roƙe ni, bakina ne ya ja mini, kamar kullum. Aka mayar da totuwa a zare, ni ne mai kallon ta, shi ne mai riƙe sanda. Aikina kalma ɗaya ce tak: in totuwa ta nutse, in ce, “Ja!”

Kai ka san ni. Tunda nake ban taɓa faɗin magana ba tare da share mata fage ba. Totuwa ta motsa, sai in ji bakina yana cewa, “Baba, bisa ga dukkan alamu...” Kafin in kai ga alamun, an gama. Ya ce, “Malam Ladan, in ka hwara jawabi, kihi na gama kalaci shi yi godiya shi tahi.” Na gyara, na koma gaggawa. Na sa shi ya fizgi ganye, ya fizgi inuwar tsuntsu, ya fizgi wani takalmin roba wanda har yanzu ba a san mai shi ba. Wani lokaci hasken rana a kan ruwa ya kashe mini ido, in rasa totuwar gaba ɗaya, mu zama makafi biyu a gaɓa ɗaya. Masu wanki sun daina zuwa da rediyo, mun ishe su.

Muna kamawa, ba na ce ba ma kamawa ba. 'Yan karfasa, wani lokaci ƙurungu. Amma na gaji, ɗan Kawu. Bayana yana ciwo, gwiwata tana ƙara in na tashi, rana ta mayar da ni kamar gorar madafa. Rubutun da nake ci da shi ya koma sai na ga dama, kuma ba na ganin damar. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne fuskarsa idan kifi ya fito. Babu wannan gyaran zaman, babu kiran sunan kifi tun yana ƙarƙashin ruwa. Ya cire shi daga ƙugiya, ya jefa a goran zuba kifi. Ran nan muna tafiya gida ya ce, “Da can ni ka kamu. Yanzu ɗagawa ɗai nika yi.”

Sai wata safiya na jira shi a ƙofa bai zo ba. Na bi sawu. Na same shi a zaure a kan sabuwar tabarma, rediyo yana ta magana shi kaɗai, sandar tana rataye a bango da ɗorinta. Ya ce, “Ka huta, Malam. Na ɗora ma wahala, kai ba masunci ba.” Na yi musu, na yi rantsuwa, ya ce in gaida gida. Kwanaki suka wuce haka. Mahaucin ya tare ni a kasuwa ya ce tsoho ba ya cin abinci sai an matsa, kuma ya fara barcin rana, abin da bai taɓa yi ba. Na koma na gan shi da idona. Mutumin da ya san kowane rami a hanyar gulbi, ya tambaye ni yau wace rana ce.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani. Ƙanena Sani ya sayo kwanon rufi, ya ce da an gama kaka za a yaye jinkar madafa, a sa wa Inna murhun gas, don hayaƙi yana taɓa mata ƙirji. Gaskiyarsa ce, ni ma na sa hannu. Gorar da ka bari saura kaɗan, ban da wadda na yi wa kisan gilla. Inna ba ta yi musu a kan kwanon ba. Amma ko ranar da aka aiko mata da tuwo daga gidana, sai ta hura wuta a murhu, ba tukunya a kai. Na tambaye ta, ta ce, “Bari in ƙara musu hayaƙi, ko mai su na zakuwa.”

Shekaranjiya na sake komawa zauren. Muka gaisa. Can ya juyo da fuska wajena ya ce, “Arzika ya san ta karye?”

A nan ne na yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na ce ka sani. Na ce ka ce kana tafe, za ka biyo motar da ta sauke kaya ta juyo, kafin a taɓa rufin madafa. Ban shirya faɗin haka ba. Maganar ta fito da kanta, kuma karo na farko a rayuwata ban share mata fage ba.

Sai ya lalubi rediyon ya kashe. Ya ce a miƙo masa hularsa, a sauko masa da sandar. Ya miƙe tsaye ya ce, “To, tashi mu tahi ruwa, Malam. Kak shi ishe hannuna ya mutu.”

Jiya mun je, yau ma mun je. Bai kama abin kirki ba, amma ya ci tuwonsa tas, kuma duk motar da ta yi ƙugi a kan hanya sai ya karkata kai.

Arzika, ba na ce ka bar buhunanka ba. Ba na ce ka dawo ka zauna a zaure kana jiran masu saye da ba za su zo ba. Sanda ɗaya nake roƙo, ta mutum ɗaya, wanda ka riga ka san hannunsa fiye da yadda ya san shi. Ni zan hura garwashi, in tsaya nesa da shi. Zan yi shiru, ko da shirun zai kwantar da ni. Tun muna yara kake cewa ni ɗan mace ne, bawanka ne, kai ne ubangida. Ban taɓa yarda ba, yau na yarda a gaban jama'a. Ubangidan kirki ba ya bari a kama bawansa da ƙarya a gaban makaho. Ka zo ka mayar da ni mai gaskiya.

Kuma in ka zo, ka sauka a gidana. Ɗakin da ka saba yana nan. Ba ni da wanda zan tsaya a kansa ina ba shi labari yana banza da ni, kuma ban san haka yake da daɗi ba sai da ka tafi.

Allah ya tsare ka a hanya da inda kake, ya sa albarka a abin da kake nema, ya raya maka zuriya. Allah ya ba Inna lafiyar ƙirji, ya ƙara wa Baba Tunau kwana da ƙarfin hannu. Wanda ya ɗaure gora a Aliero bai yi dariya ba, Allah ya ɗaure masa al'amuransa. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa mu gana da alheri.

A ƙarshe, kotun da ta zauna a kan wannan batu ta same ni da laifin yin magana da bakin wani ba da izininsa ba. Ta ci ni tarar gwangwani ɗaya na tana ta sa wa ƙugiya, in haƙo da hannuna a bakin fadama kowace safiya, ba aike ba wakili, har ranar da ka sauko daga mota. Na karɓi hukunci, ba zan ɗaukaka ƙara ba. Sai dai ka sani, ƙyanƙyamin tana nake yi.

Naka, taubashinka kuma bawanka na ɗan lokaci,
Ladan ɗan Hajo, Jega.